Tsoron Doki Ba Taurin Kai Ba Ne

A Tajaye da garuruwan da ke kewaye da ita, daga Illela zuwa Malbaza har Birnin Ƙonni, doki ya daɗe da barin aikin kai mutum kasuwa. Babur ya karɓe wannan, amalanken jaki ya karɓe dakon kaya. Abin da ya rage wa doki shi ne ranakun daraja: hawan salla, naɗin sarauta, rakiyar ango, tarbar babban baƙo, sai kuma sukuwa. Duk wanda ya lura zai ga cewa waɗannan ranaku su ne suka fi kowace rana hayaniya a shekara. Ga tambari da algaita, ga guɗar mata, ga harbin bindiga, ga samari a kan babura suna ratsa taro, ga manyan motocin siminti na Malbaza suna wucewa da ƙara a kan kwalta. Dabbar da ta kwashe watanni a turke a bayan gida, ba ta jin komai sai kukan kaji da sautin turmi, ita ake fiddowa rana ɗaya a jefa cikin wannan, a ce ta yi taƙama. In ta zabura ko ta yi turjiya ko ta miƙe ta yi taɓarya, hukuncin da ake yankewa a take shi ne dokin nan taurin kai gare shi, maganinsa kuwa sananne ne: bulala, ƙaimi, da linzamin da ya fi na jiya kaifi. Ina ganin wannan hukunci kuskure ne tun daga tushe. Mafi yawan abin da ake kira taurin kai tsoro ne ko ciwo, kuma duka ba ya rage ko ɗaya daga cikinsu. Abin da ke ragewa shi ne sabo, wanda aiki ne mai tsari da kowane mai doki zai iya yi a ƙofar gidansa.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan wannan magana tana fitowa daga wani wasa da ba a yi a nan ƙasar Adar, wato gasar tsallake shinge da doki. Wasan ya samu gindin zama a gasar Olamfik tun 1912 a birnin Istokhom, kuma hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, wadda aka kafa a 1921, ita ke tsara dokokinsa. Ana jera shingaye goma sha wani abu a fili, na manyan gasa tsayinsu ya kai mita 1.60, sandunansu a ɗore kawai suke, kofato na taɓa su sai su faɗo. Mahayi yana da izinin ya zagaya filin da ƙafa kafin a fara, doki kuwa bai taɓa ganin jerin ba sai lokacin da aka shigo da shi. In ya kayar da sanda an ci shi tarar maki 4, in ya ƙi tsallakewa haka nan maki 4, in ya sake ƙi an fitar da shi. Dalilin da ya sa wannan wasa ya dace da maganarmu shi ne, a cikinsa tilas ba ta aiki. Ana iya jan doki da ƙarfi a bi da shi hanyar da ba ya so, ana iya dukansa ya yi gudu, amma ba mahalukin da zai ɗaga dabba mai nauyin kilo 500 sama ya haye da ita shinge in ita ba ta yarda ba. Saboda haka mutanen wannan wasa, ko suna da tausayi ko ba su da shi, dole ta sa suka zauna suka nazarci tsoron doki fiye da kowa. Abin da suka tara a shekara ɗari da 'yan kai bai tsaya ga shinge ba, ya shafi kowane doki da ake so ya fuskanci abin da zuciyarsa ke ce masa ya guje shi.

Sai a fara da halittar dokin kansa. Doki dabba ce da kakanninta suka rayu a fili, makaminsu gudu, kuma wanda ya tsaya bincike kafin ya ruga shi namun daji suka ci. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan duk kewayensa, wajen digiri 350, sai dai akwai gurbi biyu da idon ba ya kaiwa: daidai bayan wutsiya, da ƙarƙashin hanci zuwa gaban goshi. Yankin da idanun biyu ke haɗuwa su auna nisa ɗan kaɗan ne a gabansa, shi ya sa yake ɗaga kai ko ya sunkuyar don ya daidaita abu a ganinsa. Ba ya bambanta ja da kore kamar mu, shuɗi da rawaya da fari su suka fi fito masa. A kan haka ne hukumar tseren dawaki ta Birtaniya ta sauya fentin shingayenta daga ruwan lemo zuwa fari a 2022, bayan wani bincike na jami'ar Ekseta. Idonsa kuma yana daɗewa kafin ya saba in an fito da shi daga rana zuwa duhun zaure. To a ɗauki baƙar leda da ta maƙale a ƙaya a bakin hanya. Mahayi ya san leda ce tun daga nesa. Doki kuwa wani baƙin abu ya gani a gefen ido, ya kumbura, ya lafa, ya sake kumbura ba tare da sautin ƙafa ba. Kunnuwansa su miƙe su nufi wurin, wuyansa ya sandare, hancinsa ya buɗe ya yi huci, ƙafafun baya su tattaru a ƙarƙashinsa. Zuciyar da ke bugawa sau 30 zuwa 40 a minti in yana hutawa ta riga ta ninka kafin mahayin ya ankara. Dattawa kan ce doki yana ganin abin da mutum ba ya gani, har a rataya masa laya a wuya. Ko ba a shiga batun iskoki ba, maganar tana da gaskiya a zahiri: yana gani kuma yana jin abin da ya wuce mu, kuma ba ƙarya yake yi ba in ya razana.

Me bulala ke koya masa a wannan lokaci? Doki yana haɗa sakamako da abin da ke gabansa a cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, ba ya komawa baya ya yi lissafin laifi. In ya tsaya cak a gaban ledar aka zuba masa bulala, abin da ya shiga kansa shi ne ledar nan da ya zarga lallai tana tafe da zafi. Tsoronsa ya samu shaida. Gobe zai fara turjiya tun daga nesa, a ƙara duka, jibi ya ƙara nisa. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma masu binciken ƙwaƙwalwa sun tabbatar cewa tsoro yana kamuwa a karo ɗaya, ba ya gogewa gaba ɗaya, sai dai a lulluɓe shi da sabon sabo, yana kuma iya tasowa bayan an zaci ya wuce. Duniya ta ga misalin wannan a gasar Olamfik ta Tokiyo a watan Agustan 2021, a wani wasa mai rukuni biyar wanda a lokacin ake ba 'yan wasa dokin da ba su sani ba, a ba su minti 20 kacal su saba da shi. Wata 'yar wasan Jamus da ke kan gaba ta faɗa a kan wani doki mai suna Saint Boy wanda ya riga ya firgita a hannun wata mahayiya da ta hau shi kafin ita. Ta yi ta dukansa tana kuka, mai horar da ita ma ta kai masa naushi, dokin bai ƙara komai ba sai ja da baya. Aka kori mai horarwar daga gasar, kuma kafin shekarar ta ƙare hukumar wasan ta yanke shawarar cire hawan doki daga cikinsa bayan gasar Faris ta 2024. Ƙwararriyar 'yar wasa ce, dokin ma ya iya tsalle. Abin da aka rasa shi ne lokaci da yarda, bulala kuwa ba ta maye gurbin ko ɗaya ba.

Akwai misalin da ke ɗaya gefen. Tsalle mafi tsawo da doki ya taɓa yi a gaban alƙalai shi ne mita 2.47, a garin Binya del Mar na ƙasar Chile, ranar 5 ga Fabrairun 1949, kuma har yau ba a karya shi ba. Dokin da ya yi shi, Huaso, an haife shi a 1933 don tsere, amma bai yi abin kirki a filin tsere ba saboda yawan firgita da rashin natsuwa. Sojoji suka saye shi, daga baya ya shiga hannun Kyaftin Alberto Larraguibel, wanda ya kwashe wajen shekara biyu yana shirya shi. A ranar, gwajin farko dokin ya ƙi, mahayin kuwa bai sa masa bulala ba, ya juya da shi ya sake ɗauko nisa. A na biyu ya taɓa shingen, a na uku ya haye, yana da shekara 16. Abin lura a nan ya wuce labarin haƙuri. Saurin ankara da ke sa doki firgita shi ne dai ke sa shi kula da inda ƙafarsa za ta sauka, ya ƙi barin sanda ta taɓa shi, ya amsa alamar mahayi tun kafin a matsa masa. Masu gasar tsalle sun san cewa dokin da ba ruwansa da komai sau da yawa ba ruwansa da kayar da sanda. Don haka ingarman da ake shirin kaiwa kasuwar Badagishiri a sayar da asara saboda yana razana, mai yiwuwa shi ne ya fi duk na bargar kaifin hankali.

Kafin a yi maganar horo, dole a duba jiki, domin dokin da ke jin ciwo ba ya koyon komai. Wata likitar dawaki ta Ingila, Sue Dyson, ta fitar da jerin alamu 24 a 2018 da ake gani a dokin da ake hawa, irin su mayar da kunne baya, buɗe baki, kaɗa wutsiya ba ƙuda, karkata kai, da ƙin tafiya gaba. Ta nuna cewa in takwas ko fiye suka taru a doki ɗaya, akasari akwai ciwo a ƙafa ko a baya. Kusan duk waɗannan alamu su ne a nan ake kira rashin kunya. A fara da baki. Linzaminmu na gargajiya, mai harshen ƙarfe da ke tokare ganɗa da zoben da ke kewaye haɓa, kayan yaƙi ne, an ƙera shi don a tsayar da doki cak daga cikin sukuwa da hannu ɗaya. A hannun gwani taɓawa kaɗan ta isa, a hannun yaro mai tsoro kuwa wuƙa ce. Wanda ya buɗe bakin doki bayan hawa ya ga yankan harshe ko jini a gefen leɓe ya samu amsar abin da ke sa shi fizgar kai. Haƙoran doki kuma ba sa daina fitowa, turamen sukan yi kaifi a gefe su yanki kumatu, likitan dabbobi na iya goge su. Sai baya: sirdin katako da bai zauna daidai ba, ko zubka da ta tsufa ta dunƙule, suna barin miki a doron kafaɗa, farin gashin da ke tsirowa a wurin shaidar tsohon rauni ne. Dokin da ke lanƙwashe baya ko ya kai cizo in ana ɗaure majayi yana faɗin abin da ke damunsa ne da bakin da yake da shi.

Turke da abinci su ma suna da hannu. Doki a sake yakan yi awa 14 zuwa 16 yana kiwo a rana, cikinsa ƙarami ne, kuma yana zubo ruwan narka abinci dare da rana ko akwai ci ko babu. In aka bar shi awanni ba ciyawa sannan aka cika masa gaba da gero ko dawa da dusa, ana jawo masa gyambon ciki, wanda bincike ya same shi a mafi yawan dawakan tsere a ƙasashen da aka duba. Hatsi mai yawa kuma yana ƙara wa doki zafin kai. Ga shi al'adar ita ce in salla ta matso a ƙara masa tsaba don ya yi ƙiba ya yi sheƙi, alhali bai motsa daga turke ba. An tara masa ƙarfi an hana shi inda zai zubar, sai a yi mamaki in ya zubar da shi a tsakiyar taro. Harawa da ingirici a gabansa mafi yawan yini, ruwa wadatacce, ɗan kanwa ko gishiri, tsaba daidai aikin da yake yi, da kilisa kullum, waɗannan kaɗai sukan kwantar da rabin firgitar da ake kuka da ita. A bar shi kuma ya riƙa ganin wata dabba, ko jaki ne, domin kaɗaici a wurin dabbar garke shi kansa abin tsoro ne.

Horon kansa ba asiri ba ne. A 2006 wata mai bincike a ƙasar Denmak, Janne Winther Christensen, ta gwada hanyoyi uku a kan matasan ingarmu, abin tsoron kuwa farin buhu ne da ake motsawa. Wasu an nuna musu motsin gaba ɗaya tun farko ana ta maimaitawa, wasu an haɗa musu da abinci, wasu kuma an fara musu da ɗan motsi kaɗan, ba a ƙarawa sai sun natsu. Na ƙarshen nan su suka fi ƙarancin zabura, su suka fi saurin sabawa, kuma dukkansu sun saba. Ma'anar wannan a ƙofar gida ita ce a nemo nisan da doki ke kallon abin tsoro amma bai gudu ba, a tsaya nan. A bar shi ya kalla. In ya sauke wuya, ya lumshe ido, ya soma tauna baki, ya ja dogon numfashi, sai a sassauta ragama a shafa wuyansa, a matsa taki biyu, ko ma a juya a koma gida. Sassautawar ita ce ladansa, domin doki yana koyo ne daga lokacin da matsi ya sauka, kuma wanda ya riƙe igiya tamau bayan doki ya yi abin da ake so ya hana shi gane abin da ake so. Ga babur akwai dabara mai sauƙi da masu horo na Ostiraliya irin su Andrew McLean suka bayyana: a sa mai babur ya tafi a hankali a gaba, dokin ya bi shi a baya. Abin da ke gudu daga gare ka ba maharbi ba ne, nan da nan sai tsoro ya koma son sani, har ya riƙa miƙa hanci. Ga ganga da bindiga a fara daga nesa lokacin da yake cin harawa, a matso kwana bayan kwana. Christensen ta kuma nuna a 2008 cewa matashin doki yana rage firgita in yana tare da wanda ya riga ya saba. Tsohon dokin fada da ya ga salla goma ya fi kowace bulala iya koyar da duƙushi.

Tsalle ma haka ake gina shi. Wani hafsan sojan doki na Italiya, Federico Caprilli, wanda ya rasu a 1907, shi ya sauya wasan lokacin da ya lura cewa mahayan zamaninsa suna jingina baya suna jan linzami a kan shinge, suna hukunta doki a baki da baya duk lokacin da ya yi tsalle. Ya koyar da a gajarta likkafa, mahayi ya ɗaga daga sirdi ya bi dokin gaba, ya sakar masa wuya. Wannan ya dace da abin da aka gano daga baya game da ido: dokin da aka naɗe haɓarsa zuwa ƙirji ƙasa kawai yake gani, ba ya ganin abin da ke tafe, kuma ko da kansa a sake yake, shingen yana ɓace masa ƙarƙashin hanci a takin ƙarshe, da abin da ya auna tun baya yake tashi. Shi ya sa ake farawa da sanda guda a kwance a ƙasa, a ja shi da hannu ya shinshina ya taka ya wuce. Sai sanduna uku ko huɗu a jere a yi sassarfa a kansu, sai a gicciya biyu su yi ƙasa a tsakiya, tsayin da ko daga tsaye zai iya ƙetarewa, don kada ya taɓa koyon cewa kaucewa mafita ce. Ranar da ya ƙi, a rage tsayi a koma inda ya iya. Ba a kuma gaggauta wa ɗan shekara biyu ko uku, domin ƙasusuwan bayan doki ba sa gama ƙosawa sai wajen shekara biyar zuwa shida. Mai cewa wannan wasan Turawa ne da bai shafi Adar ba ya dubi ƙasar da dokinsa ke takawa. Tudun duwatsu ne da kwazazzabai da koramu, kuma tun ƙarshen shekarun 1980 gonakin yankin Illela sun cika da jerin duwatsu na tare ruwa, da ramukan tassa, da na rabin wata. Dokin da zai fita daga Tajaye ya ratsa daji dole ya ƙetare rami ko ya haye layin dutse, kuma wanda ya koyi auna taki cikin natsuwa shi ke kai mahayinsa gida lafiya.

Saura mahayin. A 2009 masu bincike a Suwidin ƙarƙashin Linda Keeling sun sa mutane su hau ko su ja dawaki su wuce wani wuri sau huɗu, suka gaya musu cewa a karo na huɗu za a buɗe laima ba zato. Ba a buɗe ba, amma bugun zuciyar mutanen ya hau, na dawakan ma ya hau tare da su. Tsoro yana bin igiya da cinya ya sauka cikin doki. Wannan ya sa al'adar ɗora ƙaramin yaro a kan doki mai firgita, uba na gefe yana cewa “kai, riƙe shi da ƙarfi, ba shi ƙaimi”, take haifar da abin da ake gudu: yaron ya matse ƙafa yana cewa tafi, ya ja linzami yana cewa tsaya, dokin da aka rufe wa gaba da baya kuwa sama kaɗai ta rage masa.

Babbar hujjar da za a kawo a kan duk wannan ita ce ta kakanni. Za a ce da wannan linzami da wannan ƙaimi aka yi yaƙi, da su Agabba ya ci ƙasar Adar a ƙarni na 17, da su Abzinawan Kel Geres da mayaƙan Ƙonni da Gobir suka yi zamaninsu, tun Kanajeji na Kano ake sa wa doki lifidi a shiga da shi cikin kibau, wa zai zo yau ya koya wa Bahaushe doki? Hujja ce mai nauyi, amma in an bi ta da kyau tana goyon bayan maganata ne. Dokin yaƙi bai san zaman wata goma sha ɗaya a turke ba. Yana da shamaki da ke kula da barga, yana da zagage da 'yan barga da ke tare da shi safe da yamma, ana fita da shi kilisa kullum, a cikin kiɗan tambari da ƙarar makamai ya girma, cikin ayarin tsofaffin dawaki ya fara fita. Wannan shi ne sabon da bincike ke bayani a yau, sai dai su ba su rubuta shi ba. Mahayin da ya hau tun yana yaro yana da hannu mai laushi da bai cika buƙatar kaifin linzamin ba. Abin da ya faru shi ne an gaji ƙarfen an bar lokacin da ke tafiya da shi. Katsina ta ba da wata shaidar: bayan Sarki Muhammadu Dikko ya kawo wasan folo a shekarun 1920, ɗansa Usman Nagogo ya shahara a kansa, kuma dawakan gida ne aka koya wa jure sanda tana wulgawa a gefen ido da ƙwallo tana bugun ƙafa. Ba wanda zai iya dukan doki har ya so sandar folo, a hankali ake nuna masa ita.

Wani zai ce ya ga doki da idonsa, an yi masa dukan tsiya ya kwanta ya bi. Gaskiya ne ana ganin haka. Dabbar da ta gwada kowace hanya ta ga ba mafita takan daina gwadawa, masana halayya sun bayyana wannan tun 1967. Amma wannan shirun daban yake da natsuwa. Ana gane shi a ido da ya mutu da kunnen da ba ya bin komai, kuma tsoron yana nan a ƙasa, ranar da abu ya fi ƙarfinsa sai ya fashe ba gargaɗi, domin alamun gargaɗin ne aka kashe da duka. Irin wannan doki ya fi hatsari a cikin yara da mata ranar salla. A nan dole in yarda da wani ɓangare na masu suka: ingarma dabba ce mai ƙarfi, akwai cizo da harbi da ba tsoro ya kawo su ba, kuma dokin da ya koyi ture mutum dole a tsawata masa nan take, sau ɗaya, a wuce. Taɓa shi da tsumagiya a bayan ƙafa don ya gane alamar tafi ma ba laifi ba ne. Iyakar ita ce mai doki ya iya bambanta dokin da ke gwada shi da dokin da ke neman tsira, kuma ya san cewa na biyun ya fi yawa nesa ba kusa ba. Ƙwayar sa maye ko ta kwantar da jiki da wasu ke sha'awar ɗura wa dabba ba ta cikin lissafi: hukumar FEI ta haramta irinta a gasa, kuma dokin da hankalinsa ya dushe bai koyi komai ba, ƙafarsa ma ba ta da tabbas.

Hujjar da ta fi taɓa rayuwa ita ce ta lokaci. Manomin da ke fama da gona da cirani ba shi da zagage, kuma harawa kanta kuɗi ce a cikin rani. Amsar ita ce wannan horo ba ya cin kuɗi, ba ya kuma son dogon zama. Minti goma sha biyar zuwa ashirin a rana, a daina tun dokin yana cikin natsuwa, sun fi awa uku a rana ɗaya, domin doki yana riƙe darasi gajere da aka maimaita. Kayan aikin duk suna gida: buhu, leda, tsohon kwano, azara biyu, babur ɗin maƙwabci. Abin da ake buƙata shi ne a sauya lokacin farawa. Maimakon a tuna da doki saura kwana uku salla, a fara bayan an gama girbi, lokacin da harawa ta wadata, sanyi ya shigo, hannu ya ɗan sarara. A kai shi bakin kasuwa ya tsaya daga nesa, a bi da shi gefen kwalta bayan wani tsohon doki, a roƙi makaɗa su bar shi ya saurara in suna gwaji. In aka auna wannan da kuɗin ɗaurin karaya, ko asarar sayar da ingarma rabin kuɗinsa, ko abin da zai biyo baya in ya tattake ɗan wani, lissafin ba ya buƙatar gardama.

Ba kowane doki ne zai kai ba, wannan ma gaskiya ce. Hali yana bin jini, kuma ɗan da ya tashi a gindin goɗiya mai razana yakan ɗauki halinta, don haka mai kiwo ya dubi natsuwar uwa kamar yadda yake duban launi da tsayi. Wani dokin kuma idonsa ne ya fara lalacewa, wani an riga an yi masa ɓarnar da sabo zai rage amma ba zai share ba. In an duba baki da baya da ƙafa, an gyara ci, an yi wata biyu ko uku ana binsa a hankali, amma har yanzu jikinsa na rawa yana jiƙewa da gumi da jin ganga daga nesa, to wannan ba dokin taro ba ne. Yana iya zama dokin kilisa ko na zagaya gona da garke, a hannun babban mutum guda da ya san shi, a nemi wani don hawan salla.